Daga Bakin Tafki Zuwa Kasuwar Pettah: Tafiyata Cikin Gonakin Siri Lanka

Siri Lanka tsibiri ne a Tekun Indiya, kudu da ƙasar Indiya, mai faɗin murabba'in kilomita 65,610, kuma mutanensa sun kai wajen miliyan 22. Na tafi can a farkon shekarar 2025, daidai lokacin da shinkafar babbar daminarsu ta fara nuna, saboda wata tambaya da ta daɗe tana damuna a matsayina na malamin gona wanda ya shafe shekaru tare da masu noman rani. Ƙasar nan ta daɗe tana noma kusan dukkan shinkafar da take ci, alhali kowane mutum a cikinta yana cin sama da kilo 100 a shekara, sai ga shi a 2022 ta wayi gari tana sayo shinkafa da bashi, tana kuma karɓar gudummawar abinci daga waje, ba fari aka yi ba, ba kuma yaƙi ba. Na so in ji labarin daga bakin manoman da abin ya faɗa wa, in kuma taka gonakin da ƙafata.

Daga filin jirgin sama na Katunayake muka nufi Kurunegala, ni da wani matashi da ya karanta aikin gona, wanda ya zame mini tafinta domin yana jin Sinhala da Tamil da Ingilishi. Wannan yanki shi ne matattarar noman kwakwa, kuma duk inda mutum ya duba itatuwanta ne a jere, wasu a manyan gonaki, wasu a bayan gidaje. Tsibirin kan samar da kwakwa wajen biliyan 3 a shekara, kuma kusan kashi biyu cikin uku a gida ake cinye ta, domin da madararta ake haɗa kusan kowace miya, da kankararriyarta kuma ake yin sambol, wato haɗin kwakwa da barkono da albasa da lemun tsami da ake ci da shinkafa. A lokacin da na isa, ƙwaya ɗaya ta kai wajen rupi 200 a kuɗin ƙasar, kuma matar da ta sayar mana da abinci a bakin hanya ta ce ta koma raba kwakwa ɗaya a miyar da a da take zuba wa biyu. Tafintana ya lissafa mini dalilai: birai suna ɓarna, ana yanka tsofaffin gonaki ana mai da su filayen gini, sannan itatuwan da ba su sami taki ba a 2021 da 2022 sai yanzu suke nuna fushinsu, tun da ita kwakwa tana daɗewa kafin yunwar da ta sha ta bayyana a 'ya'yanta.

Ba da nisa da Kurunegala ba akwai Bathalagoda, inda cibiyar binciken shinkafa ta ƙasa take. Daga nan aka fitar da irin da ake kira H4 a ƙarshen shekarun 1950, daga baya kuma aka biyo shi da jerin ire-iren da sunayensu ke farawa da Bg, waɗanda wasunsu ke nuna cikin wata uku, wasu wata uku da rabi. Kusan duk shinkafar da ake shukawa a tsibirin yau daga irin waɗannan ingantattun ire-iren ne, masu gajeren kara da yawan zangarniya, waɗanda ke ba da tan 4 ko fiye a hekta matuƙar sun sami taki a kan kari. Kafin a kai wannan matsayi an sha wuya. Turawan Birtaniya sun mai da hankalinsu kan gahawa, sannan ganyen shayi da roba da kwakwa, suka bar shinkafa tana zuwa a jirgin ruwa daga ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) da Indiya. Da Japan ta mamaye Bama a 1942 hanya ta toshe, aka shiga rabon shinkafa da kati. Bayan samun 'yanci a 1948, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Sin a 1952 ta musayar roba da shinkafa, kuma a 1953, da aka ɗaga farashin mudun shinkafar rabo daga santi 25 zuwa 70 (santi 100 ne rupi ɗaya), jama'a suka yi yajin aiki na gama-gari da tarzoma, abin da ya kai Firayim Minista Dudley Senanayake ga ajiye mulki. Tun daga ranar babu ɗan siyasar ƙasar da bai san cewa tukunyar shinkafa na iya kifar da kujera ba. Saboda haka aka duƙufa wajen gyara tsofaffin tafkuna, da mai da dubban iyalai yankin arewa da gabas a ba su gonaki, da gina madatsun ruwa a kan kogin Mahaweli, mafi tsawo a ƙasar, da kuma tallafin takin zamani wanda aka fara a 1962.

Da muka wuce Dambulla muka shiga yankin da suke kira busasshe. Kalmar ta ba ni mamaki da farko, domin garin Anuradhapura yana samun ruwan sama fiye da na Kano, sai dai mafi yawan ruwan a 'yan watanni yake sauka, tsakanin Oktoba da Janairu, sannan a bi shi da doguwar rana da iska mai busar da ƙasa. Damina biyu suke da ita. Babbar ita ce Maha, wadda ake shuka a Oktoba da Nuwamba, a girbe a Fabrairu da Maris, ƙaramar kuwa Yala, daga Afrilu ko Mayu zuwa Agusta, kuma a wannan yanki Yala ba ta yiwuwa sai da ruwan da aka tara. Sarakunansu na da sun gane haka tun da wuri. Na tsaya a kan ganuwar Kala Wewa, tafkin da Sarki Dhatusena ya gina a ƙarni na 5, na ga mafarin magudanar da ke ɗaukar ruwa tsawon kilomita 87 har zuwa Anuradhapura, wadda a sashenta na farko gangarenta bai wuce wajen santimita 10 a kowace kilomita ba. Duk wanda ya taɓa fama da daidaita kwatar ruwa a fadama ya san irin idon da wannan aiki ke buƙata. A Polonnaruwa kuma akwai Parakrama Samudra, mai ganuwa fiye da kilomita 12, aikin Sarki Parakramabahu wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186, kuma littattafan tarihinsu sun ruwaito cewa ya yi umarni kada a bar ko ɗan ruwan sama ya gangara teku ba tare da ya amfani ɗan Adam ba.

Amma ba manyan tafkunan sarakuna ne suka fi kama zuciyata ba. Ƙananan tafkunan ƙauye ne, waɗanda adadinsu ya haura 10,000, kuma Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya tsarinsu cikin gadon noma na duniya. Ana gina su ne a jere a cikin kwari guda, ɗaya a ƙasan ɗaya, ta yadda ruwan da ya malala daga tafkin sama, da wanda ya tsiyaye daga gonakinsa, zai faɗa tafki na gaba, a sake amfani da shi, har ya kai na ƙarshe. A wani ƙauye da ke gundumar Anuradhapura, wani dattijo da ke shugabantar ƙungiyar manoma ya zagaya da ni yana nuna mini komai da sandarsa. A can saman kwarin, cikin daji, akwai ɗan tafkin da ba a ban ruwa da shi, aikinsa tare laka da shayar da namun daji domin kada su gangaro ƙauye. A gefen babban tafkin an bar itatuwa masu tare iska domin ruwa ya rage ƙafewa. A ƙasan ganuwa akwai wani zirin fili mai ciyayi da itatuwa wanda ba a nomawa, shi ke tsotse gishirin da ke tsattsafowa kafin ruwan ya shiga shinkafa. Ya ce a zamanin iyayensa har wani ɗan yanki na gona ake bar wa tsuntsaye. Babu wani abu a wurin da aka ajiye don ado.

Sai na tambaye shi wanda ke yanke hukuncin ranar buɗe ruwa. Ya ce babu mutum ɗaya da ke da wannan iko. Kafin kowace damina ana kiran taron da suke kira kanna, inda duk mai gona a ƙarƙashin tafkin zai halarta tare da jami'in gwamnati, a duba yawan ruwan da ke akwai, a tsai da ranar share magudanai, da ranar gyara shinge, da ranar sakin ruwan farko, da ranar ƙarshe da aka yarda a shuka, da irin da za a shuka gwargwadon kwanakinsa, har da tarar wanda ya saɓa. Abin da taron ya zartar doka ta amince da shi. Idan kuwa shekara ta zo da ƙarancin ruwa, sai a koma ga tsarin bethma: a bar gonakin nesa su huta, a ɗauki na kusa da tafki a raba wa kowa na wannan damina kaɗai, mai gonar kusa ya haƙura ya ba maƙwabcinsa wuri, domin kada wani gida ya kwana babu hatsi. Dattijon bai ɓoye mini cewa tsarin ya yi rauni a wurare da yawa ba, musamman inda masu hali suka haƙa rijiyoyinsu suka sa injin ban ruwa, suka daina jiran kowa. Wannan ma ba shi ne karo na farko da aka raunana shi ba, domin da Turawa suka soke aikin gayya na tilas a 1832 tafkuna da yawa sun lalace, har sai da gwamnatin mulkin mallakar ta kafa doka a 1856 ta mayar wa al'adun ƙauye ƙarfinsu.

A gindin wata bishiya kusa da wannan tafki ne manoma suka ba ni labarin shekarar taki. A watan Afrilu na 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya ba da sanarwar hana shigo da takin zamani da magungunan ƙwari da na ciyawa baki ɗaya, ya ce ƙasar za ta koma noma da takin gargajiya zalla. An kawo hujjoji biyu. Ta farko ita ce ciwon ƙoda da ya addabi manoman wannan yanki tun shekarun 1990, wanda masana ba su daddale musabbabinsa ba, amma wasu ke ɗora alhakinsa kan magungunan gona. Ciwon gaskiya ne, na ga rumfunan tace ruwan sha a ƙauyuka da dama, kuma cikin waɗanda muke zaune da su akwai wanda ya binne ɗan'uwansa ta dalilinsa. Hujja ta biyu, wadda ba a cika ɗaga murya a kanta ba, ita ce baitulmali ya ƙare. Harin bama-bamai na ranar Ista a 2019 da annobar korona sun kashe harkar yawon buɗe ido, an rage haraji a ƙarshen 2019, basussuka sun yi yawa, kuma taki kaɗai yana cin dala miliyan 300 zuwa 400 a shekara. A lokacin yaƙin neman zaɓe an yi alkawarin yin wannan sauyi a hankali cikin shekara 10, sai aka aiwatar da shi dare ɗaya.

Lissafin abin ba mai wuya ba ne, kuma manoman sun yi mini shi da yatsunsu. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, alhali takin da aka ruɓar daga ciyawa da kashin dabbobi da ƙyar yake kai kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato sai an zuba fiye da tan guda kafin a maye gurbin buhu ɗaya, kuma shi a hankali yake sakin amfaninsa, ba ya jiran ranar da shinkafa ke ɗaukar ciki. Tsibirin ba shi da shanun da za su samar da wannan adadi, ba shi da motocin da za su kwashe shi. Ga kuma matsalar ciyawa, domin mafi yawan manoman ƙasar ba dashe suke yi ba, watsa iri suke yi, kuma gonar da aka watsa ba ta nomuwa da hannu cikin sauƙi, maganin feshi ta dogara da shi. Gwamnati ta yi odar takin gargajiya daga Sin, masu binciken tsirrai na ƙasar suka ce sun sami ƙwayoyin cuta a cikinsa, aka hana jirgin sauke kaya, daga ƙarshe kuma aka biya kusan dala miliyan 7 a kan takin da bai taɓa shiga gona ba. Wani manomi ya ce ya tsaya yana kallon shinkafarsa tana yin rawaya tun tana ƙarama, ya san abin da take nema, amma babu inda zai samo shi.

A ƙarshen Nuwamba na 2021 aka janye haramcin, sai dai Maha ta riga ta wuce lokacin taki, kuma babu dalar sayo shi. Shanshera da ƙasar ta girbe ta faɗo daga wajen tan miliyan 5 a 2021 zuwa wajen miliyan 3 a 2022, aka shigo da shinkafa kusan tan 800,000. Ganyen shayi, wanda ke kawo dalar, shi ma ya faɗi zuwa kilo miliyan 251, mafi ƙaranci cikin sama da shekara 20. Buhun yuriya ya haura rupi 30,000 a bayan fage. Sai man dizal ya yanke, taraktoci da injinan girbi suka kwana a layin gidajen mai. A Afrilun 2022 ƙasar ta dakatar da biyan basussukanta na waje, a Yuni aka ba ma'aikatan gwamnati hutun kowace Juma'a domin su yi shuka a gidajensu, a Yuli jama'a suka mamaye fadar shugaban ƙasa ya tsere, zuwa Satumba kuma tashin farashin abinci ya haura kashi 90 cikin ɗari, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta cewa mutum miliyan 6.3 ba sa samun isasshen abinci.

Ni dai ba na cikin masu raina takin gargajiya, kuma kullum ina roƙon manoma su mayar da buntu da kashin dabbobi gona maimakon ƙona su. Manoman da na zauna da su ma sun yarda cewa a shekarun da taki ya yi arha ƙwarai, har aka riƙa sayar da buhu rupi 350, an zuba fiye da kima, ƙasa ta gaji. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka yi hukuncin. A ƙauyen nan ba a buɗe ƙofar ruwa sai an tara kowa an ji ta bakinsa, amma aka rufe ƙofar taki ga manoman ƙasa baki ɗaya ba tare da an kira taro ko ɗaya irin nasu ba, aka kuma toshe kunne ga malaman jami'o'in ƙasar da suka yi gargaɗi a rubuce. Da an tambayi dattijon nan mai sanda, da ya faɗi a zaman farko abin da sai da aka yi asarar damina guda kafin a gane.

A hanyar Polonnaruwa mun riƙa kauce wa shanshera da aka shanya a gefen kwalta, domin injin girbi yana yanke ta da ɗanyenta, kuma ƙananan manoma ba su da wurin busarwa. Wanda bashi ya matsa wa, a bakin gona yake sayarwa a farashin da ɗan kasuwa ya yanka. A wannan gari ne manyan kamfanonin casa suke, 'yan ƙalilan ne amma su ke da rumbuna da injinan busarwa da lamunin banki, su saya da kaka su riƙe har kasuwa ta tashi. A Disamban 2024 sabuwar gwamnatin Anura Kumara Dissanayake ta ƙayyade farashin shinkafa nau'in nadu a kan rupi 230 kowane kilo, ta kuma buɗe ƙofar shigowa da ita na ɗan lokaci, bayan ta ɗaga tallafin taki daga rupi 15,000 zuwa 25,000 a hekta. Duk da haka jar shinkafa ta yi wuya a shaguna a watan Janairu. Da daddare kuma wata fitinar ce ke jiran manomi. Na ga rumfunan gadi da aka ɗaura a saman itatuwa, inda maza ke kwana da tocila da abin fashewa suna korar giwaye, kuma a 2023 kaɗai giwaye sama da 400 da mutane sama da 150 ne suka mutu a wannan rikici. Ina ƙasar aka yi ƙidayar dabbobin da ke ɓarnar amfanin gona, ranar 15 ga Maris, inda aka nemi kowa ya fito na minti biyar da safe ya ƙirga birai da ɗawisu da manyan kuregu da ya gani a gonarsa.

Azumi ya same ni a gundumar Ampara ta gabas, ɗaya daga cikin manyan rumbunan shinkafar ƙasar, wadda ke shan ruwa daga madatsar Senanayake Samudraya da aka gina a farkon shekarun 1950. Musulmi kusan kashi 10 cikin ɗari ne na al'ummar tsibirin, kuma a garuruwa irin su Sammanthurai da Akkaraipattu su ne manoman shinkafa. Ambaliyar Nuwamban 2024 ta cinye shukar da yawa daga cikinsu, suka sake neman iri suka watsa, shi ya sa girbin wasu ya makara. Da la'asar sakaliya yara kan jeru da kwanuka a ƙofar masallaci domin karɓar kanji, wani kunun shinkafa da madarar kwakwa da tafarnuwa da hulba da ɗan nama, wanda mawadata ke ɗaukar nauyinsa, kuma da shi muka sha ruwa. Wani Alhaji da ya sauke ni ya ce ko a shekarar wahala ba a fasa dafa shi ba, sai dai ya ƙara ruwa.

Daga nan muka hau tsaunuka, inda sanyi yake kuma ganyen shayi ya lulluɓe kowane gangare. Gahawa ce a wurin da farko, har cutar tsatsar ganye ta ɓulla a 1869 ta gama da ita, shayin da James Taylor ya fara shukawa a Loolecondera a 1867 ya gaje ta. A yanzu shayi kan kawo wa ƙasar sama da dala biliyan 1 a shekara, kuma da irin wannan kuɗi ake sayo yuriyar da ke ciyar da shinkafar Anuradhapura. Masu tsinkar ganyen a manyan gonaki jikokin Tamilawan da aka kwaso daga kudancin Indiya ne, yawancinsu mata, waɗanda ke zaune a dogayen gidajen leburori masu ɗaki ɗaya-ɗaya, kuma sai a 2024 aka kai ladansu na yini rupi 1,350. Ba su da gonar kansu, abincinsu na safe gurasar fulawa ce, kuma a cikinsu ne aka fi samun yara masu tsumburewa a duk ƙasar. Na tsaya a cikin kore iya ganin ido, ga ruwa ga ƙasa mai kyau, amma babu abin da yaro zai tsinka ya ci.

A ƙauyukan da ke kewaye da Kandy kuwa na ga akasin haka. Gida yana tsakiyar abin da baƙo zai ɗauka kurmi ne, alhali kowane tsiro da hannu aka sa shi. A sama akwai kwakwa da itacen kos, wanda ake kira jackfruit da Ingilishi, a ƙasansu kanumfari da gyaɗar ƙamshi da mangwaro, masoro ya naɗe jikinsu, sai ayaba da gwanda da zogale, a can ƙasa kuma rogo da gwaza da citta da kurkum. Shi kos ɗin 'ya'yansa a jikin kututture suke fitowa, ɗaya kan kai nauyin ƙaramin yaro, ana yin miya da ɗanyensa, a dafa wanda ya ƙosa a ci a madadin shinkafa, a sha nunanne, a kuma dafa ƙwallayen. Wani ɗan kishin ƙasa mai suna Arthur V. Dias ne ya fara gangamin shuka shi tun 1918, kuma har yau ba a sare itacen sai da izinin hukuma. Uwar gidan da ta zagaya da mu ta ce a 2022 kos da rogo ne suka riƙe gidanta, har 'yan'uwanta na birni suka riƙa zuwa da buhu. Irin wannan lambu ba ya jiran jirgin ruwa, sai dai ba kowa ke da filinsa ba, kuma ba zai ciyar da Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, ba.

A Kolombon na ƙare tafiyar, a layukan 'yan sari na kasuwar Pettah, inda na riƙa karanta rubutun da ke jikin buhuna. Jan waken nan ƙanana da ake kira dal, wanda miyarsa ba ta rabuwa da farantin talaka, ba a noma shi a tsibirin, daga ƙasashe irin su Ostireliya da Kanada yake zuwa. Busasshen barkono daga Indiya, manyan albasa da dankalin turawa daga Indiya da Pakistan in ban da 'yan watannin girbin gida, mafi yawan sukari daga waje, madarar gari daga Niyuzilan. Wani dillalin albasa ya bayyana mini yadda gwamnati kan ɗaga harajin shigowa idan manoman Dambulla da Nuwara Eliya sun fara haƙa, ta sauke shi idan masu saye sun fara kuka, ya ce sau da yawa sanarwar kan zo bayan 'yan kasuwa sun riga sun cika rumbunansu, sai manomi ya tarar da kasuwa a cushe. Alkama kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta fitowa a ƙasar. Jiragen ruwa ke kawo ta tashar Trincomalee, inda wani katafaren injin niƙa ke aiki tun 1980, daga nan fulawa ta bazu zuwa gidajen burodi da rumfunan masu soya roti, wato gurasar fulawa. Jami'an aikin gona sun daɗe suna kiran jama'a su koma ga garin shinkafa da na tamba, wadda kakanninsu suka noma a gonakin tudu, kuma ana sayar da wainar garin shinkafa da tuwon tamba a rumfunan abincin gargajiya da ma'aikatar gona ta buɗe wa mata a garuruwa da dama, amma kilon tamba a Pettah ya fi kilon fulawa tsada nesa ba kusa ba.